Na je sakatariya neman siminti da burji, ga abin da na tarar

Duk mai shirin gini a garuruwanmu na Kebbi da wuya bai taɓa jin wani ya ce masa ya leƙa sakatariya ba, wai ƙaramar hukuma tana sayar da siminti da rahusa, ko tana aiko da tifa ta zuba wa mutum burji har ƙofar gida in ya rubuta takarda. Ni ma haka aka gaya mini, kuma na bi maganar ofis bayan ofis har inda ta ƙare. A ƙaramar hukumarmu dai babu wannan ciniki. Amma akwai abubuwan da ke sa mutane zaton akwai, akwai kuma inda mai gini ke buƙatar sakatariya da gaske, shi ya sa nake ganin gara in ba da labarin yadda ya faru daki-daki.

A farkon 2024 ne na ɗaura niyyar yi wa mahaifiyarmu ciki da falo a filin da muka gada, a garinmu da ke bakin fadamar Gulbin Rima. Filin kwari ne, da damina ruwan unguwa nan yake kwana, don haka magini ya ce kafin a yi maganar harsashi sai an yi ciko mai yawa. Ni kuwa malamin makaranta ne, abin da na tara ba shi da auki. Ana cikin haka siminti ya yi tashin gwauron zabo, a watan Fabrairu buhu ya haura naira dubu goma a wurare da dama. A watan ne ministan ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin siminti aka sanar an daidaita a kan naira 7,000 zuwa 8,000 kowane buhu mai kilo 50. Labarin da ya fito a rediyo shi ne gwamnati ta sa baki a farashi. Kafin ya iso majalisarmu ta bayan la'asar ya riga ya rikiɗe ya koma gwamnati za ta sayar da siminti ta hannun ƙananan hukumomi, har da masu rantsuwa sun ga tirela ta shiga sakatariya.

Kawuna ya ƙara wa maganar ƙarfi. Ya ce zamanin En'e akwai yadi, da kafintoci da magina da maƙera na hukuma, kuma mai hali kan samu a yi masa aiki a can ya biya. Ya ce, "Kai dai tai ka gani, ɗana. Hukumar da ka saida taki ba ta rasa saida siminti." Maganar taki gaskiya ce, duk mun sha ganin ana rabon taki mai rahusa ta sakatariya da mazaɓu gab da damina, kuma akan ba da hayar tarakta a sashen gona in tana da lafiya. Da wannan lissafin na shirya.

Ranar da na fara zuwa na isa da hantsi, na tarar da ofisoshi da yawa a rufe. Maigadi dattijo ne, na gaishe shi na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya dube ni ya ce shi dai bai taɓa ganin an sayar da siminti a nan ba, amma in je sashen ayyuka in tambaya. A sashen ayyuka masinja kaɗai na samu, ya ce darakta ya fita duba wani kwalbati da ya karye, in zauna. Na zauna a benci ƙarƙashin dogon yaro har aka kira azahar, muka yi salla a masallacin sakatariya, darakta bai dawo ba. Daga inda nake zaune ina hango wata tsohuwar gireda da ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, da tifa guda an ɗora gabanta a kan bulo babu taya. Ta tagar sito kuma ga buhunan siminti a jere da bandir-bandir na kwano. Ganin haka sai zuciyata ta ce lallai maganar mutane akwai ƙamshin gaskiya.

Da na koma, wani ƙaramin ma'aikaci ya ce ba a ganin darakta da baki kawai, in rubuto takarda. Ya koya mini yadda ake yi: a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, a bi ta hannun daraktan ayyuka, a faɗi abin da ake so da inda filin yake, a sa lambar waya. Na je shagon kwamfuta a bakin tasha aka buga mini, na yi hoton takardar kwafi biyu, na kai ofishin rajista. Ba a karɓi ko kwabo ba a nan. Magatakarda ya buga hatimi a kwafina ya sa kwanan wata, ya ce in riƙa leƙowa. Wannan kwafi mai hatimi shi ne ya yi mini amfani daga baya, domin da aka ce ba a ga takardata ba, shi na nuna aka binciko ta a cikin wani fayil da ba nata ba.

Jiran ya ɗau makonni. Wani lokaci a ce ciyaman yana Birnin Kebbi wajen taro, wani lokaci a ce takarda tana tebur ba a sa hannu ba. Kowane zuwa sai na nemi izini a makaranta, na sha mai a babur, ga magini yana ta kirana yana cewa rani na wucewa. Abin da ya fi damuna ba jiran ba ne, a'a, babu wanda ya fito ya ce mini babu. Kowa sai ya ce "Allah shi sa a dace, Malam," ya tura ni gaba. Mu mutanen nan muna jin nauyin cewa a'a, kuma wannan kunya tana cin kuɗin talaka fiye da yadda muke zato.

Ranar da na samu darakta, mutum ne mai sauƙin kai, ya ba ni kujera ya karanta takardata a gabana. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wa yac ce maka muna saida siminti? Wanga wuri ba kanti ba ne." Sannan ya yi mini bayani a tsanake. Duk abin da ya shiga sito an saye shi ne da sunan wani aiki da ke cikin kasafin kuɗi, gyaran aji ko ɗakin shan magani ko kwalbati ko rumfar kasuwa. An rubuta shi a littafin sito, ba ya fita sai da takardar fitarwa mai sa hannu, kuma masu binciken kuɗi na ƙananan hukumomi suna iya zuwa su ƙirga. Babu wani layi a littafin kuɗin shiga da aka tanada don cinikin siminti ko rodi, saboda haka ko na ba da kuɗi babu rasit ɗin da za a yanka mini. Ya ƙara da cewa yawancin ayyuka ma kwangila ake bayarwa, ɗan kwangila ne ke sayo kayansa daga kasuwa kamar kowa. Na tambaye shi buhunan da na hango ta taga fa? Ya ce kayan agaji ne da aka aiko don waɗanda guguwa ta kwashe wa rufi, sunayensu na rubuce tun daga hannun masu unguwanni, kuma kyauta ake ba su. Nan na tuna ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadama ta rushe gidaje, an kawo irin waɗannan kaya, siminti da kwano da ƙusa, aka raba a sakatariya. Wanda ya ga ana loda buhu a baro ana fita da shi bai san ba saye aka yi ba.

Sai na koma kan tifa. Ya ce wannan kam akan yi, a wuraren da motar ke tafiya. Ƙaramar hukuma tana iya ba da hayar tifa ko gireda ko motar ruwa in ba ta kan aikin gwamnati. Amma haya ce ta mota, ba sayar da kaya ba. Za ka biya kuɗin haya a ofishin kuɗin shiga a ba ka rasit, ka sayi man gas da kanka, ka ba direba da yaronsa na abinci, ka biya leburorin da za su yi lodi da shebur, sannan ka biya mai ramin da za a ɗebi burjin, domin ramin ba na hukuma ba ne. Ya ɗauki biro ya lissafa mini a bayan takardata, muka ga in an haɗa duka bai fi sauƙi a kan ɗaukar tifar 'yan kasuwa ba sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ga shi in aikin gaggawa ya taso za a janye motar ko da cikona ya tsaya a rabi. Tasu ma dai ita ce wadda na gani a kan bulo. Na fito ofishinsa raina ba daɗi, amma na ji sanyi a wani gefen, don aƙalla na san inda na tsaya.

Ban kai ga babur ɗina ba wani mutum ya tare ni, sanye da shadda mai kyau, ya kira ni da sunan makarantarmu, alamar ya daɗe yana lura da zirga-zirgata. Ya ce ya ji abin da nake nema, kuma darakta ba zai faɗa mini gaskiya ba, amma shi yana da hanya. Akwai rarar siminti ta wani aiki, zai ba ni ƙasa da farashin kasuwa sosai, in ba da rabin kuɗi yanzu, a kawo mini da dare. Na ce zan yi shawara. Da na faɗa wa maginina sai ya yi dariya ya ce, "Malam, banza ba ta kai zomo kasuwa." Ya ce irin wannan kaya ɗayan uku ne: ko babu shi sam, ko na sata ne daga aikin jama'a wanda in ta tashi a gidanka za a same shi, ko kuma wanda ya daɗe a ajiye ya sha raɓa ya fara dunƙulewa, aka farfasa aka sake ɗurawa a buhu. Daga baya na ji wani maƙwabcin unguwarmu ya ba da kafin alƙalami a irin wannan ciniki, har yau ana kai ruwa rana, kuma ba shi da ko guntuwar takarda da zai nuna. Mutumin da ya tare ni ba ma'aikacin sakatariya ba ne ma, zama kawai yake yi a inuwar.

Darakta ya ba ni shawara in biya ta sashen filaye kafin in zuba ko tifa ɗaya, kuma wannan ita ce riba mafi girma da na samu a duk zirga-zirgar. Filinmu ba shi da wata takarda sai shaidar gado da dattawa. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin da ba ya cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya a kansa. Wanda ke cikin yankin birni kuwa, maganarsa tana hannun jiha, kuma izinin gini a irin waɗannan wurare wajen hukumar raya birane ta jiha, wato KUDA, ake nema. Jami'in filaye ya duba ya ce namu na hannunsu ne. Ya nemi takardar rabon gado daga kotu, da takardar shaida daga mai unguwa da hakimi, da hotuna ƙanana, da kwafin katin ɗan ƙasa. Na cike fom, na biya a ofishin kuɗin shiga, na dawo masa da rasit. Aka sa rana ya zo da tef ya auna, maƙwabta na tsaye, ya nuna mana inda hanya ta bi ya ce in ja katangata baya kaɗan don kada wata rana a zo gyaran lambatu a rushe mini. Kuɗin man babur ɗinsa ni na biya, wannan kuwa babu rasit, kuma ban ga laifinsa ba tunda da abin hawansa ya zo.

A ofishin kuɗin shiga ne na ga ainihin alaƙar hukuma da kayan gini. Ba ta sayarwa, karɓa take yi daga masu sayarwa. Akwai kuɗin shago da masu siminti da masu gidan bulo ke biya, akwai kuma tikitin da ake yanka wa tifa a hanyar fita daga wurin ɗibar yashi. Wani abokin aikina mai koyar da darasin gwamnati ya buɗe mini jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, sa wa tituna suna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da lasisin keke da kwalekwale da baro da amalanke. Babu inda aka ce su yi cinikin kayan gini. Wato amalanken da zai kawo maka yashi suna da hurumi a kansa, yashin kansa kuwa sai ka nemi mai shi.

Daga nan na nufi inda ya kamata, wato tashar 'yan tifa da ke bayan gari. Suna da ƙungiya da shugaba da layi, kowace mota da ranarta. Na je da maginina, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka, domin kalmar tifa ɗaya ba ta da ma'auni guda. Akwai ƙarama mai taya shida, akwai babba mai taya goma, kuma ko a cikin masu taya shida wata an ƙara mata katako a baki wata ba a ƙara ba. Kayan ma iri-iri ne. Burji ko jar ƙasa na ciko daban, yashi mai kaifi na gulbi wanda ake buga bulo da zuba kankare daban, rairayi mai laushi na filasta daban. Magini ya damƙi yashin a hannu ya matse ya buɗe, ya ce in ya dunƙule ya bar jirwaye a tafin hannu to akwai laka a ciki, zai ci siminti kuma bulo ba zai yi ƙwari ba. Muka yi ciniki a gaban shugaban tasha, aka fayyace cewa kuɗin ya haɗa da lodi da tikiti da kuɗin mai rami, kuma sai mota ta juye zan biya kowane sawu. Mafi yawan kuɗin na mai ne da nisa, ba na ƙasar ba, shi ya sa wanda filinsa ke kusa da rami yake samun sauƙi sosai a kan na cikin gari. Direban ya kuma gargaɗe ni in tara yashina kafin ruwa ya sauka, don da zarar gulbi ya kawo, wuraren ɗiba sun nutse, hanyar fadama ta caɓe, farashi ya hau.

Sawun farko mota ta zo ba ta cika ba, ina tsaye. Ban yi gardama da direba ba, na kira shugaban tasha, shi ya yi masa magana, sauran sawun duka suka zo da tozo. Lungunmu kuma tifa ba ta iya shiga har ciki, sai a bakin hanya take juyewa, na ɗauki yara masu baro suna kwashewa. Wannan kuɗi ne da ban sa a lissafi ba tun farko, kuma ya taru ya yi yawa. Ragowar yashin filasta ma daga ƙarshe masu amalanken shanu ne suka kawo mini har cikin fili, ya fi mini sauƙi.

Siminti kuwa wajen dila na saya a kasuwa. Wanda ya fi yawa a wajenmu na BUA ne da ake yi a Kalambaina kusa da Sakkwato, akwai kuma na Dangote. Tirela takan kawo buhu 600 ta sauke wa babban dila, ƙananan 'yan kasuwa su sara daga wajensa, don haka in ka sami mai saukewa kai tsaye ka rage ribar hannu ɗaya. Na biya aka rubuta mini rasit mai sunan shago da yawan buhu, muka yi yarjejeniya in riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan gwargwadon aikin mako, don ba ni da wurin ajiya mai kyau. Wannan sai da mutumin da ka sani ka amince da shi, kuma duk ɗiba a rubuta a bayan rasit ku biyun ku sa hannu. Kawowa ba kyauta ba ce, a-kori-kura na ɗauka, 'yan dako kuma ana biyansu a kan kowane buhu, lodi daban saukewa daban. Wanda ya kwana a gida muka ɗora a kan katako, nesa da bango, muka rufe da leda.

Abin mamaki, daga ƙarshe ƙaramar hukumar ta kawo kayan gini unguwarmu, sai dai ba don ni ba. Da na yi ciko, ruwan da ke kwana a filina ya rasa wurin zuwa, dole a yi masa hanya ya tsallaka titi. Mai unguwa ya tara mu, muka rubuta takarda da sunan jama'ar unguwa, kansilanmu ya ɗauka ya bi ta. Bayan wani lokaci aka aiko da bututun kwalbati da 'yan buhunan siminti da ma'aikaci ɗaya daga sashen ayyuka, mu kuma muka yi karo-karo muka sayi yashi muka biya leburori. Magudanar ruwa aikinsu ne a doka, shi ya sa wannan takarda ta samu shiga, tawa ta farko kuwa ba ta da inda za a ajiye ta. Haka nan na ji akan yi gwanjon tsofaffin kaya jefi-jefi, kwanon da aka cire daga ajujuwa ko motar da ta mutu, bayan kwamiti ya duba ya yanke cewa sun gama amfani. Wanda ke so sai ya sa ido a allon sanarwa, ya kuma tabbata an ba shi rasit na baitulmali.

Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, maganar ta sake tashi a majalisa, wai yanzu da kuɗi za su shigo za a fara sayar da siminti. Hukuncin a kan hanyar da kason kuɗi zai bi ne, bai ƙara musu aikin ciniki ba. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 21, kowace da halin motocinta, wata tifarta na aiki wata babu, don haka mai son haya ya tambayi daraktan ayyuka baki da baki tun ranar farko, kafin ya buga takarda ya zauna jira. In an ce akwai, ya lissafa gas da lodi da kuɗin rami ya gwada da farashin tasha. Takardar fili kuwa ya fara da ita tun kafin ya sayi buhu ɗaya, don ita ce ke ɗaukar lokaci, kuma awon da aka yi mini ya sa na canja inda harsashin katanga zai bi. Duk kuɗin da za a biya a sakatariya a biya shi a ofishin kuɗin shiga, a karɓi rasit mai lamba, a ajiye kwafin kowace takarda mai hatimi.

Ginin yanzu ya kai linta. Saura katako da kwano, kuma na riga na tambayo farashi a Jega da Birnin Kebbi, ina jiran kuɗin adashe ya zagayo kaina in haɗa da na wani abokina mu ɗauki mota ɗaya mu raba kuɗin jigila.